Baba Majo da Tambayoyin Ranar Juma'a

Ni ne ban yi daidai ba. Baba Majo ne yake da gaskiya, kuma na fara gane haka tun yana da rai, amma ban je na faɗa masa ba. Yanzu ƙasa ta rufe shi, ni kuma ina zaune a biron da ya bari, wato ofishinsa, ina yin aikin da ya koya mini rabi na ƙi koyon rabi. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ban saba dogon rubutu ba. Na rubuta wannan ne don kada a tuna shi da salla da gaisuwa kawai, a manta da abin da ya fi kowa iyawa.

A asibiti, majo shi ne babban ma'aikatan jinya na sashe. Shi ke raba aiki, shi ke tsayawa tsakanin lokotoro, wato likita, da sauranmu. Baba ya riƙe sashenmu na masu ciwon hankali tun kafin a ɗauke ni aiki, har ya ajiye, ni na gaje shi.

Ranar zaman makoki an shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gidansa a Birni har bakin masallacin unguwa. Maƙwabta suna ta faɗin abin da suka sani: ba ya wuce yaro bai tambaye shi lafiyar ubansa ba, ba a taɓa jin muryarsa ta katanga ba. Wani manomi ya zo tun daga Droum. Na gane shi, domin da mari a ƙafa danginsa suka taɓa kawo mana shi a amalanke. Bai ce wa kowa ya haƙuri ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne ka gaje shi?"

Na ce ni ne.

Ya dube ni har na kawar da ido, ya ce, "To, Allah ya sa ka iya."

Abin da ya ba mutanen unguwa mamaki shi ne mata. Tun safe suke shiga gidan, tsofaffi da masu goyo, daga Zango, daga Mirriya, daga unguwannin bayan gari, kuma wasu suna fitowa ido jajur kamar ubansu ne ya rasu. Liman ya sunkuya ya tambayi babban ɗan mamacin, "Waɗannan duk dangi ne?"

"A'a, Malam. Matan ma'aikatansa ne, da iyayensu mata."

Liman bai gane ba. Ni na gane. A cikinsu na hangi mai ɗakina, wadda ba ta gaya mini za ta zo ba. Na kuma hangi matar Auta da jaririnta a baya. Auta shi ne ƙarami a cikin ma'aikatanmu, Baba ne ya laƙaba masa sunan, ko da yake magidanci ne mai 'ya'ya. Na duba cikin maza ban gan shi ba.

Aikinmu ba allura da ƙwaya ne kaɗai ba. Akwai wani ɗaki a ƙarshen sashe, da tabarma da kujeru biyu, inda mara lafiya ke faɗin abin da ya same shi. Wasu sun gudo daga gabas, an ƙone garinsu suna kallo. Wasu an dawo da su daga arewa, motarsu ta mutu a cikin hamada, sun ga yadda ƙishirwa ke gamawa da mutum. Dole wani a cikinmu ya zauna ya ji, ya ji har ƙarshe, ba ya tsoma baki, ba ya nuna tsoro. Muna ce wa wannan aiki kujerar saurare.

Baba ba ya zama gaba da gaba da mara lafiya. Gefe yake ja kujerarsa, su biyu suna kallon bango ɗaya. Ya ce mutum ya fi iya faɗin mugun abu idan ba a zuba masa ido ba. Ba ya yarda a yi gudu a cikin sashe ko da gobara ce. Dabino yake ɗauka a aljihun farar rigarsa, idan ka fito daga ɗakin nan sai ya miƙa maka ɗaya, ya tsaya har sai ka ci. Mun daɗe muna zaton kyauta ce. Daga baya muka gane yana duba ko abinci zai wuce maƙogwaronka ne.

Kuma ba ya barin mutum ɗaya ya kwana biyu a jere a kujerar saurare, ko da marasa lafiya sun roƙa. Yakan ce, "Allura idan ka yi ta ka gama. Labari shi ke hawa bayan motonka ya bi ka gida."

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne yawon Juma'a. Idan aka sauko daga masallaci, sai ya ɗauki matarsa, wadda duk muke kira Inna, a bayan tsohon motonsa, wato babur, su nufi gidan ɗaya daga cikinmu. Ba ya faɗa tun da wuri. Shi zai zauna a zaure da maigidan, suna hirar gero da tsadar itace. Inna kuwa ta shige wajen mata, ta karɓi tsinke ko tsintar shinkafa, tana yi tana tambaya. Tambayoyin ba irin na gulma ba ne, amma ba kuma irin na gaisuwa ba. Yana cin nama kuwa? Yana ɗaukar jariri, ko ya fara cewa a matsar da shi? Idan yara suna wasan faɗa, dariya yake yi ko tashi yake? Ina yake zama yanzu, a tsakar gida ko inda yake ganin ƙofa? Idan mace ce ma'aikaciyar, uwarta ko yayarta Inna ke tambaya.

A hanyar komawa Inna za ta faɗa masa a kunne, moto yana tafiya. Ranar Litinin sai ka ga an canja wa wani aiki ba tare da an ce me ya sa ba.

Na tuna wani abokin aikinmu da ya daina cin nama bayan ya saurari wani mahauci da ya tsere daga gabas. Bai gaya wa kowa ba, uwarsa ce ta gaya wa Inna. Baba ya kira shi ya ce, "Idona ya fara cin amanata. Zo ka zauna a ɗakin magani ka riƙa karanta mini ƙananan rubutun nan, kada in kashe wani." Damina guda mutumin ya yi yana jera kwalabe. Idon Baba lafiya lau yake, har zaren allurar ɗinki yana iya zurawa. Mutumin yana nan da rai, ya yi ƙiba, ranar makoki shi ya raba tuwon sadaka.

Ni ne na yi faɗa da shi a kan wannan al'ada.

A shekarar da masu gudun hijira suka yi yawa, mata da dama sun faɗa mini abin da aka yi wa 'ya'yansu a gabansu. Ban ji wani canji a jikina ba. Sai dai na fara kulle ƙofar gida da rana tsaka. Na hana 'ya'yana mata zuwa lakwal, wato makaranta, sai na raka su, idan ina aiki sai su zauna. Wata rana babbar ta je sayen ashana ba da izinina ba, na mare ta, abin da ban taɓa yi ba. Juma'ar da ta biyo sai ga moton Baba a ƙofar gidana. Ranar Litinin ya cire ni daga kujerar saurare, ya mai da ni wajen awon zafin jiki.

A gaban kowa na tare shi. Na ce, "Baba, aikina na sayar wa gwamnati, ban sayar mata da cikin gidana ba. Da wane dalili za ka tura matarka ta buɗe mini tukunya?"

Bai daina tafiyarsa ta sannu ba. Ya ce, "Ɗan Zango, jikan fatake, komai a wurinku saye da sayarwa ne. Yaushe rabon 'yarka da lakwal?"

"Wannan ni ya shafa."

"Kai ya shafa, shi ya sa na tambaya."

"Ni ba mara lafiya ba ne."

"Ban ce ba. Mai ɗaukar kaya ne kai, kuma wuyanka ya fara karkacewa, kowa ya gani sai kai."

Na ce masa idan ya sake zuwa gidana, ba zan fito zaure ba. Na ce abin da yake yi cin mutunci ne, kuma a Zango ba a yi wa magidanci haka. Sai ya tsaya. Ya ce, "To, na daina zuwa. Amma ka ji wannan. Ni ba na tsoron ranar da za ka fito daga ɗakin nan kana kuka. Ranar da nake tsoro ita ce wadda za ka ji irin labarin nan ka fito kana tambayar me aka dafa."

Bai sake zuwa ba, ya cika alkawari. Mai ɗakina ce ta ci gaba da zuwa wajen Inna a ɓoye, wannan sai bayan rasuwarsa na sani. Kulle ƙofa ya bar ni a hankali. Amma ranar da ya faɗa ta zo, kuma ban lura da zuwanta ba. Na wayi gari ina jin mutum yana ba da labarin yadda ya binne ɗansa da hannu a cikin rairayi, ni kuwa ina tunanin tayar motona. Na ce a raina na ƙware ke nan.

Da ya ajiye aiki aka ba ni majo, farkon abin da na kashe shi ne yawon Juma'a. Na ce zamani ya wuce nan, kowa ya ji da gidansa. Matasan suka ji daɗi. Na biyu, na daina juya kujerar saurare. Ina da hujja: ba mu da yawa, wasu sun nemi canjin wuri, wasu idan suka zauna a ɗakin nan agogo kawai suke kallo. Ga Auta kuwa, Allah ya ba shi kunne. Mutumin da ya yi wata bai yi magana ba, idan ya zauna da Auta sai bakinsa ya buɗe. Dangin marasa lafiya suna zuwa suna cewa a ba su dogon nan mai sanyin murya. Sai na bar masa kujerar, musamman mutanen da aka dawo da su daga hamada. Ina yabonsa a gaban lokotoro, ina ganin girmamawa nake yi masa.

Sau ɗaya ya roƙe ni. Ya same ni a biro ya ce, "Majo, ko mako guda a ba ni ɗakin allura."

Na yi dariya na ce, "Kai da kake zaune a inuwa kana jin hira? Mutanen nan da ƙafa suka taka abin da kai kake ji da kunne. Su ba su nemi kwanje su huta ba sai kai?"

Shi ma ya yi dariya, ya ce haka ne. Bai sake roƙo ba.

Baba ya halarci sunan jaririn Auta, ni gardi, wato aikin kwana a asibiti, ya hana ni zuwa. Bayan nan ya aiko mini cewa yana son ganina, na ce ina tafe. Ya sake aikowa. Daga ƙarshe shi ya zo da kansa a kan kabu-kabu, don lokacin ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tuƙi. Bai shiga sashe ba. A gindin bishiyar bedi ta bakin ƙofa ya tsaya, ya dafa kafaɗar mai moton.

"Ɗan Zango, ka je gidan Auta kwanan nan?"

"Ka san ni ba na yawon gidaje, Baba."

"Na sani. Yana tara ruwa."

Na ce, "Baba, wa ba ya tara ruwa a Damagaram? Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake zuwa. Ni ma tano biyu ne a gidana, manyan ganguna cike da ruwa."

"Kai kana tarawa ku sha. Shi ba ya bari a sha. Na nemi na alwala, sai da ya shiga ɗaki ya daɗe, ya kawo mini abin da bai kai rabin buta ba, ya tsaya a kaina yana kallon inda yake ɗiga. Na leƙa wata jarka, ruwan ya yi kore. Ka cire shi daga kujerar nan."

"In na cire shi wa zan sa?"

"Kanka."

Na ce zan duba. Ya san ba zan duba ba. Ya sa hannu a aljihu kamar zai ciro dabino, sai ya tuna ba farar riga ce a jikinsa ba, ya mai da hannun. Mai kabu-kabu ya taimaka masa ya hau. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku, Inna ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, matar Auta tana gefenta tana shayar da jariri, ta juya mini baya.

Inna ta ce, "Ɗana, zauna. Tun da ka hana a tambaya, yau za a faɗa maka ba ka tambaya ba."

Ta ce matar Auta ba ta kwana a gidan mijinta tun makon da ya wuce, tana Mirriya wajen iyayenta da yaran. Da murfin buta Auta yake auna mata ruwan sha, tana mai jego. Ruwan wankan jariri sai ya sa a tace a mayar a jarka. Abin da ya kore ta shi ne 'yarsu ƙarama ta yi tuntuɓe da kofi a hannu. Bai dake ta ba. Ya riƙe wuyan hannunta ya durƙusar da ita a gaban jiƙaƙƙiyar ƙasar, yana gaya mata a hankali, da wannan murya tasa mai sanyi, yadda harshen mutum ke komawa idan ya kwana uku bai sha ba. Yarinyar ta daina neman ruwa. Ko an ba ta sai ta dubi ƙofa tukuna.

Matar ta yi magana ba ta juyo ba. "Babana ya ce idan abin bai sauya ba kafin azumi, zai je ya karɓo mini takardata. Ni ba na son rabuwa da shi, Majo. Ba haka na aure shi ba."

Na fara yi wa Inna ta'aziyya don in sami hanyar tashi, sai ta ɗaga hannu.

"Shekara da shekaru ina shiga gidajenku ina tambayar matanku. Babu wanda ya taɓa shigowa nan ya tambaye ni."

Na ce, "Da an tambaye ki, Inna, me za ki ce?"

Ta ce tun yaransu suna ƙanana bai sake yanka ragon layya da hannunsa ba, maƙwabci yake kira, shi ya tafi bayan gari sai an gama fiɗa. Ta ce ba ya yarda a rufe ƙofar ɗaki yana ciki, ko a tsakiyar sanyi. Ta ce a ciwonsa na ƙarshe, lokacin da ya daina gane 'ya'yansa, yakan juya gefe ɗaya kamar akwai wani zaune kusa da shi, ya ce, "Ina jin ka, ci gaba." Haka ya yi ta yi har ya cika.

"Shi ya san abin yana cinsa," in ji ta, "shi ya sa ya tsare ku. Kai kuwa ba ka ma san ya cinye ka ba."

Allah ya jiƙan Baba Majo. Allah ya sauke masa duk abin da ya ɗauka na mutane, ya ba shi makwanci mai shiru. Mu kuma da muka rage a ɗakin nan, Allah ya ba mu masu tambayarmu.

Daga gidan makokin na wuce gidan Auta, bayan la'asar. Na yi sallama ya fito da kansa, rigarsa a goge, gemunsa a gyare. Ya shigar da ni tsakar gida. Jarkoki ne jere da bango, wasu a kan wasu, har cikin ɗakin girki, da tulu, da kwalabe, har da tukwanen miya an cika an ɗaure bakinsu da leda. Wurin yana warin rijiyar da aka daina ja. Leɓensa a bushe yake, ya tsattsage.

Ya ce, "Majo, ka yi haƙuri ban zo makoki ba. Ba wanda zan bar wa gida."

Na ce, "Daga gobe ka bar kujerar saurare."

Ya yi murmushi. "Gobe akwai tsohon nan da aka kawo daga arewa. Jiya ya kai inda direba ya tafi neman rijiya. Ba zai faɗa wa wani sauran ba."

"Ni zan zauna da shi. Jibi wani ya zauna. Za mu koma juyawa. Kai kuma na yanke shawara, lokotoro zai gan ka, ni zan raka ka, kuma zan fara ba shi nawa labarin kafin naka."

Ya dube ni ya ce, ba da raini ba, "Kai ai ba ka ji, Majo. Kana zaune ne kawai. Su ma sun sani."

Na ce gaskiya ne. Na zauna a ƙasa a gabansa, ga farar rigata ta aiki a cikin jaka ban ko ajiye ba. Ban san ko zai yarda ya ga lokotoro ba. Ban san ko matarsa za ta dawo kafin azumi ba, har yau da nake rubutun nan ba ta dawo ba. Abin da na iya ke nan, na faɗa masa.

Na ce, "Ƙanena, ka zo ka roƙe ni mako guda, na yi maka dariya. Baba ya zo da kumburarrun ƙafafu ya ce in cire ka, na ce zan duba. Na ɗora maka abin da ni na kasa ɗauka, na kira shi yabo. Abin da ya sami 'yarka da matarka, hannuna yana ciki kafin naka, kuma zan je Mirriya in faɗa wa surukinka haka da bakina. Baba ya tafi ban roƙe shi ba. Kai kana nan. Ka yafe mini."